Yadda Za Ka Ajiye wa Surukinka Taba Har Ta Koma Kifi

Ban yi nisa a makaranta ba, amma a San Juan aka haife ni, tsakiyar gonakin taba, kuma abin da ya faru da maƙwabcina Nicanor ta saman katanga na kalle shi tun daga farko. Ka bi matakan nan yadda ya bi su, na yi maka alkawari babu mai tozarta ka a gaban jama'a. Bayan jama'a sun watse kuma, wannan ba ya cikin alkawarin.

Surukin Nicanor, Don Evaristo (a wurinmu Don laƙabin dattawa ne), tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana naɗe tabar ganye da hannu, dogayen karan nan masu kaurin babban yatsa. Ranar da aka haifi jikarsa Yusleidis, 'yar Nicanor, ya naɗe taba akwati guda, ya ce ba za a buɗe ba sai a bikin cikarta shekara goma sha biyar. Ana saura shekara ɗaya guguwa ta yaye masa rufin ɗaki, dole ya kai akwatin gidan mijin 'yarsa. Shi kuwa Nicanor direban motar kaya ne, ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, kuma tsohon bai yafe masa wannan ba. Idan tabar ta lalace a hannunsa, a garin da kowane tsoho hancinsa ne digirinsa, sai dai ya loda kayansa a motar ya sake gari.

Mataki na 1: Karɓa da hannu biyu, kada ka saurara

Tsohon zai yi maka dogon bayani. Zai ce taba tana numfashi, tana son inuwa da ɗan danshi, daɗewa na kwantar mata da zafi, kuma duk abin da ka ajiye kusa da ita sai ta sha warinsa. Kai dai gyaɗa kai. Sauraro na kawo damuwa, damuwa kuma na tsufar da mutum kafin tabar ta tsufa. Nicanor ya gyaɗa har wuyansa ya sage, hankalinsa na kan tayar motarsa ta baya da ke sacewa. Ya ce, "Baba, ka ɗauka a banki ka ajiye." Tsohon ya ce abin da yake tsoro ke nan.

Mataki na 2: Cusa shi a durowar matarka

Wuri ne mai duhu, kuma ɓarawo ba ya son binciken kayan mata. Kada ka damu da kafur ɗin da ta zuba saboda kyankyaso, ko sabulun ƙamshin da take ɓoyo tun bikin ƙanwarta. Taba za ta sha duka, ba ta da zaɓe. A nan akwatin ya yi watanni, har Odalys, matar Nicanor, ta tafi coci wata Lahadi matar da ke bayanta ta tambaye ta yaushe ta fara shan taba. Da ta dawo ta ba shi zaɓi: akwatin ya fita, ko shi ya fita, ko su fita tare su riƙe wa juna hannu.

Mataki na 3: Mayar da shi kicin

Ɗora shi can saman kanta, tsakanin busasshen kifi mai gishiri da damin tafarnuwa, daidai inda tururin baƙin wake ke tashi kullum. Taba dai ƙarshenta hayaƙi ne, gara ta saba tun yanzu. Nicanor ya manta da ita a nan gaba ɗaya. Ya tuna ne ranar da ya hau kujera neman ashana, ya ɗaga murfin, ya ga ƙwari sun huda karan ko'ina, suna shiga suna fita kamar masu haya.

Mataki na 4: Firij

Wani a tasha zai gaya maka sanyi na kashe ƙwaron taba. Gaskiya ne, idan akwai wuta. A unguwarmu firij rabin yini firij ne, rabin yini kuma kabad ne mai gumi. Sa akwatin a ciki, kusa da naman aladen da Odalys ta jiƙa da lemun tsami. Ganyen zai bushe ya tsage, sannan ya jiƙe ya kumbura, sannan ya yi furfurar fumfuna. Ƙwarin Nicanor ba su mutu ba. Ƙiba suka yi.

Mataki na 5: Gyara da kanka, kada ka tambayi masani

Masani zai kai labari. Samu tsohon buroshin haƙori ka goge fumfunar. Liƙe tsagar da kunun rogo. Sannan kurɓi giyar rake ka fesa musu da baki, yadda ake fesa wa riga ruwa kafin guga. Nicanor ya fesa rabin kwalba, ya shanye rabin don ƙarfin hali, ya jera su a rana bisa rufin kejin alade. Odalys ta tsaya bakin ƙofa ta ce idan babanta ya kashe shi, ita baƙin kayan takaba ba ya yi mata kyau, kada ya sa rai.

Mataki na 6: Riga kowa magana

Wannan shi ne sirrin duka. Tsohon mashayin taba gara ya haɗiye harshensa da ya ce akwai ɗanɗanon da bai sani ba. Ranar biki, bayan Yusleidis ta yi rawa da ubanta an ci gasasshen alade, tsofaffi suka ja kujeru gindin mangwaro, aka kawo akwatin. Kafin a kunna ashana Nicanor ya miƙe ya ce tabar da ta shekara goma sha biyar ba ta kowa ba ce, sai wanda bakinsa ya isa ke gane ta.

Shi ke nan, ya ɗaure su. Hayaƙi na fita ta hujojin ƙwari, dole kowa ya toshe su da yatsu, ka ce ƙungiyar masu busa sarewa ce. Don Cipriano, wanda ya fi kowa shekaru, ya zuƙa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce yana jin teku. Na kusa da shi ya ce teku ɗin me, ai wannan ƙamshin ɗakin kakarsa ne sak, Allah ya ji ƙanta. Wani ya ce akwai wani abu can ƙasa-ƙasa mai kama da abincin rana. Suka kaure da musu kan wanda ya fara ganewa, suna tari suna yabo. Ɗaya ya zagaya bayan gida, ya dawo fuska a jiƙe, ya ce waƙar da ake yi ce ta taɓa masa zuciya.

Mataki na 7: Kada ka kalli surukinka

Nicanor ya kalla. Don Evaristo ya zuƙa, ya fesar. Ya sha karansa a hankali har wuta ta kusa yatsa, kamar mai biyan zunubi. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya gaya wa taro cewa tun da yake bai taɓa shan irin wannan ba, kuma aikin ba nasa ba ne, na mai ajiya ne. Saboda haka ya bar wa mijin 'yarsa duk abin da ya rage a akwatin, halak malak. Aka yi tafi. Don Cipriano har ya rungume Nicanor, ya yi masa tari a kunne.

Da aka fara watsewa tsohon ya kamo hannun rigarsa.

"Kifin na gane shi. Kafur ma na gane. Akwai abu na uku da ban gane ba."

"Baba, daɗewa ce."

"To. Duk Lahadi bayan cin abinci zan zo. Kai za ka sha kara ɗaya har ƙarshe, ni zan zauna in kalli fuskarka, har ka tuna."

Akwatin babba ne. Har yanzu ba su kai rabi ba.

Gargaɗi

Na yi alkawarin ba za a tozarta ka a taro ba, kuma an tafa wa Nicanor, ina wurin. Jiri, amai, koren fuska, da matar da ta mayar da kai kwana a mota saboda warin baki, duk babu ruwana. Idan surukinka mai duka ne ba mai haƙuri irin Don Evaristo ba, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Kuma kada ka zo nemana ran Lahadi da rana. Ina kan katanga.