Nomau Zai Sayar da Gida

Tabawa dai ta sha fama da miji. Nomau ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma abin da kunnensa ya ji shi hannunsa zai yi, ko kwana babu. Shekara talatin ita ce idon gidan. Sai ga yana ta fara rufe mata ido, likita ya ce in ba a yi aiki kafin wata biyu ba, shi ke nan. Ba su da abin sayarwa sai gidan. Ta zauna tana tunanin ranar da Nomau zai ja mata sanda.

Haladu dillali ya zo ya duba, ya ce a ɗan gyara, ba sai an kira magini ba.

Wata rana ta ce, "Malam, fenti ya fi ƙarfinmu. Samo farar ƙasa, gidan nan ya sha ta sosai." Nomau ya dama bokiti uku, ya tsuguna ya tuttule su a bakin ƙofa. "Ga bakin nan na ba shi, Tabawa, amma furzarwa yake!" Ta fito tana lalube, santsi ya kwashe ta. Da ƙyar ta tashi.

Wata rana kuma ruwa ya kayar da katangar baya. Ta ce, "Katanga ta kwanta, je ka tayar da ita." Har azahar tana jin muryarsa: "Tashi mana! Baƙi na zuwa!" Da ya gaji sai ya lulluɓa mata bargonsu, wai zazzaɓi ne. Ranar Tabawa ta yi kuka, don ko bargon ba ta gani ba, maƙwabciya ce ta faɗa mata.

Wata rana Haladu ya taho da mai saye, wani Alhaji Mudi. Tabawa ta riƙo hannun mijinta. "Don girman Allah, Malam, ka kama bakinka." Ta laɓe bayan ƙyaure.

Alhaji ya dubi katanga, ya taya gidan tayin wulaƙanci. Shiru. Nomau ya damƙe leɓɓansa da hannu biyu, ido waje.

Alhaji ya ce, "Haba, ai ba zagi na yi ba. Na ƙara."

Shiru. Tabawa ba ta ganin kome, sai ta kasa kunne.

"Wannan dattijo ya san filinsa a bakin titi yake," in ji Alhaji. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, har ya wuce abin da likita ya nema. Sai ta ji ya karkaɗe riga zai tafi.

Tabawa ta ɗaga murya: "Malam! Saki bakin, ka sallama!"

Nomau ya saki, ya ja numfashi. "Salamu alaikum."

"Ya sallama!" in ji Haladu, ya cafke hannun Alhaji tun bai kai ƙofa ba.