Manhaja Mai Jan Ƙwaro

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da aka raba takardun shaida a ajinmu na yaƙi da jahilci a Ƙaura Namoda. Gyaran keke nake yi, kuma furfura ta riga ta fito mini kafin in fara riƙe fensir. Abin da ya kai ni ajin shi ne aikin gadi a wani asibiti, wanda aka ce sai mai takarda.

A waya muke bitar darasi. Malamarmu, Malama Rahila, ta kawo wani injiniya ɗan Zurmi da ya ƙera manhajar. Da yake an san ni da haƙuri, ni aka zaɓa ya sa mini guda biyu: ta gaske, wadda ke aika aikina ofis, da ta gwaji, don in riƙa gaya masa inda take tangarɗa. Hotonsu ɗaya, sai dai ta gwajin tana da ɗan jan ƙwaro a kusurwa. Ya yi mini bayani, na ce na gane. (Ban gane ba. Kunya ta hana ni cewa ya maimaita.)

Da damina waya ta cika, dole in goge ɗaya. Na buɗe su na kwatanta. Ɗaya fes take, harufa manya kamar na 'yan firamare. Mai ƙwaron kuwa, ƙananan rubutun Turanci ne ke ta zuba a ƙasanta kamar tururuwa. Na ce lallai wannan ce ta manya. Na goge ɗayar.

Na sha wuya da ita. Ga nauyi, ga sanƙarewa, waya ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Na daure, a zatona haka ilimi mai zurfi yake. Har abokin zamana Bello, wani makiyayi daga Jangeru, nakan leƙa tasa in ce, "Kai har yanzu ta yara kake yi?"

Ranar taro na sa babbar riga, na zo da mai ɗakina da ƙanenta. Aka yi ta kiran suna, har Bello ya karɓi tasa. Aka rufe ba a kira ni ba. Na miƙe na ce an yi mantuwa.

Injiniya ya duba kwamfutarsa ya ce, "Baba, ai tun damina ba ka yi darasi ko guda ba."

Na ɗaga waya sama yadda kowa zai gani. "Ni da na gama duka? Kuma da ta manya na yi!"

Ya karɓa, ya duba, ya dafe kai. "Baba, mi kay yi? Ina ɗayar?"

"Na goge ta. Ta yara ce."

"Wagga ba ta aika komai ko'ina. Rubutun nan da kake gani, nawa ne na gyara."

Sai Bello daga baya: "Allah shi ba mu ta yara!" Dariya ta ɓarke. Mai ɗakina ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malama Rahila ta roƙa, ta ce ta shaida ina karatu. Injiniya ya yi ta latse-latse har la'asar, amma ta gwajin ba ta ajiye komai ba, ofis kuma abin da ya iso gare su kawai suke sa wa hannu. Aikin gadin wani aka ba.

Yanzu na koma darasin farko tare da sababbin shiga, ina bin baƙi da wasali da na riga na haddace. Abin da na koya shi ne, kunyar cewa "ban gane ba" ta minti ɗaya ce, kuma a gaban mutum ɗaya. Wadda na zaɓa kuwa, har ƙanen matata ya samu rabonsa, kuma ba shi da riƙon baki.