Mai Gyaran Takalmi, Uban Yara Arba'in

Ranar Litinin da hantsi aka koro ƙanwata daga makaranta. Laifinta, wai surutu a aji. Auta fa. Yarinyar da sai ka tambaye ta sau uku kafin ta ce maka ta ƙoshi. Ga jarrabawar gama firamare saura kwana tara.

Ta miƙo min wani ɗan littafi mai koren bango. Sunansa Littafin Zumuncin Gida da Makaranta. Masu girma iyayenmu na harkar ilimi, Allah ya ƙara wa ofisoshinsu sanyi, su suka haifo shi bayan taron kwana huɗu a otal. Makon jiya aka raba shi. Dokarsa ita ce kullum malami ya rubuta halin kowane yaro, uba ya sa hannu. Uba kawai. Shafi uku babu hannun uba, yaro ya zauna a gida.

Babanmu direban babbar mota ne, yau sati uku rabonmu da shi. Inna ba ta karatu, amma da can labarin aji bai taɓa wuce ta ba. Lokacin da nake ajin nan, in na yi rashin ji, Malama kan tare ta a bakin famfo ta faɗa mata magana biyu. Kafin in iso gida an tanadar min abin da ya dace da ni. Washegari ka gan ni a aji tsit. Yanzu manya sun ce wannan ƙauyanci ne.

Na ja hannun Auta muka koma. Na tarar da Malama a teburinta, littattafai tsibi a gabanta, tana buga musu hatimi ɗaya bayan ɗaya. A bayanta yara biyu na dambe a kan benci. Na leƙa hatimin: "Surutu a aji. A ja kunne a gida."

Na ce, "Malama, Auta ce mai surutu?"

Ta ɗago. "Kai ne? Ka yi tsawo, amma fuskar nan har yau a murtuke. Wace ce Auta?"

Na nuna ta.

"Wannan? Ni ko muryarta ban sani ba. Ɗana, su casa'in da shida ne. Ranar farko na gwada rubutawa da hannu, aka tashi ina kan na hamsin, ban koyar da komai ba. Shi ne na sa aka sassaƙa min wannan. Aƙalla a kan tamanin gaskiya yake faɗa."

Ban iya jin haushinta ba. Na wuce ofishin hedimasta na ce zan sa hannu.

"Kai ne ubanta?"

"Wanta ne."

"Takardar da aka aiko daga sama ba ta ce wa ba."

"To ranka ya daɗe, ga waya, a kira Baba."

"Murya ba ta shiga fayil," in ji shi, ya ci gaba da goge gilashinsa.

Muna fitowa, tsohon da ke gyaran takalmi a bakin ƙofar makarantar ya yafito ni. Ga biro a bayan kunnensa.

"Samari, kawo littafin."

Ya ɗora shi a kan cinyarsa, inda yake ɗora takalma, ya zana hannu a shafi uku. Har da ɗan gaye a ƙarshe.

"Baba, me ke nan?"

"Ni ne uban yara arba'in a makarantar nan. 'Ya'yan direbobi, 'ya'yan masu ci-rani, marayu. Ƙanwarka ta arba'in da ɗaya."

"Hedimasta ya sani?"

"Wa ya ba ni biron? In masu duba makarantu suka zo suka ce a kawo uba, kai da ba ka da ko gashin baki wa zai yarda? Ni ga furfura, kuma kullum ina nan."

Sai ya juya wajen Auta, ya haɗe rai kamar uban gaske. "An ce a ja kunne. Ki rage surutu, kin ji?"

Ta gyaɗa kai. Aka buɗe mata ƙofa ta shiga. Za ta yi jarrabawa, na gode Allah.

Amma da aka taso, muna tafe, ta ja gefen rigata. Da ƙyar na ji abin da ta ce: "Yaya, da gaske ina da surutu?" Tun daga ranar ko gaisuwarta sai ka kasa kunne. Madalla da manya. Cikin casa'in da shida, ɗaya tak suka ladabtar, ita ma wadda ba ta yi komai ba. Sauran suna can suna dambe.

Jiya telan layinmu ya ce min manya sun kirga hannun iyaye, makarantarmu ta zo ta ɗaya. Har za su turo wakili ya karrama uban da ya fi kowa kula da karatun 'ya'yansa.

"Wa kake jin zai ci?" in ji tela yana dariya.

Na ce ban sani ba, amma na ga tsoho ya kai babbar rigarsa wanki.

In Baba ya dawo daga tafiya zan raka shi ya je ya gaida uban 'yarsa. Ya tafi da takalminsa ma, dama ya tsinke.