Kunun Kwana Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Sani ba, ko da Sanin da kansa ya manta. Shekara biyu ke nan da yin ta.

Ni direban gida ne a unguwar Nasiriya, a birnin Riyadh. Ɗakina na bakin ƙofa ne, irin wanda ake ba direbobi, in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Sani kuwa abokina ne tun Kano, kafinta ne a wani shago a unguwar Suwaidi. An ɗaura masa aure a gida shi yana nan, kamar yadda da yawanmu ke yi, muka ce ko amarya ba ta iso ba sai an ci an sha. Aka kama istiraha, wato gidan taron nan na haya mai fili da tabarmi, aka raba aiki. Ni kuma da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce kunun zaƙi a wuyana yake, na mutum arba'in. (Ina da wannan ciwon. In ana taro ba na iya yin shiru.)

Sai da na koma ɗaki lissafi ya dawo min. Juma'a kaɗai nake hutu, walima kuma Juma'a mai zuwa ce. Dole in dama kunun mako guda kafin ranar. Wanda ya san zafin Riyadh ya san kunu ba ya kwana biyu a cikinsa. Ina da wani tsohon firji da uwargidan maigidana ta yar, amma kansa ya taɓu, duk abin da ka saka masa sai ya mayar da shi dutse, kunu kuwa in ya ƙanƙare ya narke ya tsinke ke nan.

Wani mai shagon kayan lantarki a unguwar Murabba ya ba ni magani. Wata 'yar na'ura ce mai araha, ba ta fi tafin hannu ba, da lambobi jajaye a fuskarta da wata siririyar waya mai jin zafi. Ka jona firji a jikinta, ka zaɓi lambar sanyin da kake so, ita za ta riƙa kunna shi tana kashewa. Takardar bayaninta da rubutun Sin take, don haka na ɗauki hotonta na nema a waya. Duk bidiyon da ya fito iri ɗaya ne: Bature mai gemu, a garejin gidansa, da farin bokiti.

Turancina na karanta allon hanya ne, don haka ban wahalar da kunnena ba, ido na zuba. Na ga Baturen ya jiƙa hatsi a ruwan zafi. Ya tace. Ya tafasa, ya bari ya huce. Na ce a raina, wallahi kunu ne! Ashe su ma suna sha, suke mana kallon ƙauyawa. Sai ya barbaɗa wani gari daga 'yar leda, wanda na gane yis ne, ya rufe bokitin ruf, ya soka tiyo a murfin, ya saka a firji, ya danna ashirin a na'urar, ya nuna kwana bakwai da yatsunsa. Kwana bakwai! Daidai abin da nake nema. Nan take na yanke hukunci cewa yis ɗin nan shi ne sirrin da ke hana kunun Turawa lalacewa, wanda iyayenmu mata ba su gano ba.

Na dama kununa yadda na ga Inna tana yi, gero da tsiro da citta da kanumfari, na zabga sukari. Sannan na bi Bature ƙafa da ƙafa. Na sayo yis na burodi na zuba, na rufe bokiti biyu, na soka tiyo na tsoma bakinsa a robar ruwa. Washegari robar ta fara ɓul-ɓul kamar ta Baturen, na ji wani daɗi ya rufe ni. Kullum in na dawo daga kai yara makaranta sai in durƙusa gaban firjin in ga jar lambar nan tana tsaye a ashirin, in yi hamdala. (E, hamdala. A gidan maigidana, a tsakiyar Riyadh, ƙofa a buɗe.)

Za ku ce ban ji wari ba? Na ji. Amma ni ɗan Kano ne na cikin badala, ban taɓa kusantar inda ake shan abin nan ba balle in san ƙamshinsa. Ranar Juma'a na buɗe, na ɗanɗana cokali ɗaya, na ji tsami da wani cizo a harshe irin na lemon kwalba. Na ƙara sukari da citta, na juye a kuloli da ƙanƙara, na loda a motar maigida na ratsa gari da su. Har shingen 'yan sanda na wuce, na ɗaga musu hannu ina murmushi.

Bayan la'asar istiraha ta cika. Direbobi, magina, 'yan Maraɗi masu aikin lambu, kowa ya sha wanki. Ban tsaya an tambaye ni ba na fara shela: “Jama'a, wannan kunun kwanansa bakwai, da na'ura aka tsare shi. Ku sha ku ba da labari.” Garba, wani direban tanka, ya shanye kofi uku a tsaye, ya ce, “Kai mutumina, wannan kunun har cikin kai yake zuwa!” Na ce ai aikin ilimi ne.

Ana cikin haka kafilin Sani ya iso, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki, wanda takardar zamansa ta iƙama ke hannunsa, wani dattijo mai gemu da ake kira Abu Fahad. Ya zo yi wa yaronsa mabruk, wato murna, abin da ba kowane kafili ke yi ba. Aka ba shi wuri a kan kilishi kusa da Baba Dauda, dattijonmu mutumin Malumfashi, wanda ya fi shekara talatin a ƙasar nan kuma shi ke mana sulhu in an saɓa. Na zaɓi kofin gilashi mafi kyau, na cika shi, na kai wa Abu Fahad da hannu biyu. Na ba Baba Dauda nasa.

Baba Dauda ya kai kofin bakinsa, sai ya tsaya. Ya shaƙa. Ya dube ni, ya dubi kofin da ke hannun Balaraben, wanda ya riga ya yi bisimilla yana ɗagawa. Ban taɓa ganin tsoho ya yi sauri irin na ranar ba. Ya cafke hannun Abu Fahad, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

“Kada wanda ya ƙara sha! Tsaka ta faɗa cikin kunun nan, na ga wutsiyarta!”

Ya maimaita wa Abu Fahad da Larabci. Ashe ƙyamar tsaka ba mu kaɗai ba ce. Balaraben ya dire kofin kamar ya taɓa wuta, yana a'uziyya yana goge hannu. Fili ya rikice. Masu tofarwa na tofarwa, masu kurkure baki na yi, Garba ya ruga bayan gida yana kakari. Ni kuwa raina ya ɓaci, na buɗe baki zan kare kaina, domin na san bokitina a rufe yake ruf, ko ƙuda bai shiga ba.

“Baba, wace irin tsaka kuma? Ai murfin...”

“Zo nan, ɗan nan,” ya ce, ya ja ni ta hannun riga har bayan motoci.

“Wa ya koya maka burkutu?”

Na ce, “Na'am?”

“Burkutu. Giya. Kakata Bamagujiya ce, a gindin tukunyarta na yi rarrafe, ko a mafarki na ji warin nan na san shi. Mi ka zuba a ciki?”

Na ce yis ne kawai, da sukari, sai kwana bakwai a ashirin. Ina faɗa ina jin maganar tana shiga kunnena kamar wani ne ke yin ta. Na zauna a ƙasa da sabuwar shaddata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne na dafa giya a gidan maigidana, na ɗauko ta a motarsa, na shayar da Musulmi a walima, na miƙa wa Balarabe da hannu biyu. Ban taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu sun danne ni haka ba. A ƙasar nan ba a tambayar ko ka sani ko ba ka sani ba, kurkuku ne sannan tarhil, a saka ka a jirgi da kayan jikinka. Kuma ba ni kaɗai ba, har Sani, ango, da amaryar da ke jiran biza.

“Baba, wallahi ban sani ba.”

“Na san ba ka sani ba. Wanda ya sani ba ya shela.” Ya numfasa. “Na yi ƙarya da furfurata saboda kai, Allah ya yafe mani. Yanzu ka tashi ka tuttular da shi a masai, ka bi da ruwa da yawa. Sannan ka koma cikin mutane ka amsa tsakar nan. Taka ce.”

Haka na yi. Na koma na tsaya gaban mutum arba'in na ba da haƙuri, na ce sakacina ne, na bar murfi a buɗe. Sani bai yi min magana ba sai bayan wata guda. Abu Fahad ya ce masa abokin nan naka miskini ne, amma a koya masa tsabta. Ina isa ɗaki na cire na'urar da tiyon, na wanke bokitan sau uku, na yi istigfari har bakina ya bushe. Daga baya na sa waya ta fassara min sunan bidiyon. Ba sai na gaya muku abin da ta rubuto ba.

Yanzu duk Suwaidi da Nasiriya ba mai kirana da sunana, sai Mai Tsaka. In ana rabon aikin taro, tabarma ake ba ni in shimfiɗa, ba a bari in taɓa ko ruwan sha. Garba in ya gan ni sai ya tofar da yawu, ya ce amma fa duk da tsakar bai taɓa shan kunu mai daɗin wannan ba.

Abin da na koya shi ne wata kunyar sutura ce, in an yafa maka ita sai ka riƙe da kyau. Shi ya sa duk wanda ya ƙwala min Mai Tsaka a titi, da sauri nake amsawa, har da ɗaga hannu.