Totuwar Masara a Tiyon Mota

Ranar da zan kai surukina, Alhaji, kasuwar Gangara, na ɗaga kapo, wato murfin gaban motata mai turbo ɗin ƙara ƙarfi, irin ɗagawar nan ta masana. Sai na hangi wani ɗan gwangwani maƙale a gefen moter, wato injin, tiyo ya shiga cikinsa, baƙin mai ya taru a ƙasa. Nan take na yanke hukunci: yoyo ne, wanda ya sayar mini da motar ya ɓoye. Na zare tiyon, na samo totuwar masara na toshe shi tam, yadda muke toshe jarka a gona.

"Anya ka san aikin nan kuwa?" in ji Alhaji.

"Haba Baba, ai ni mota ba ta ɓoye mini komai."

Muna fita garin Gazawa hayaƙi ya turnuƙe. Na tsaya na buɗe kapo ban kashe moter ba. Alhaji ya leƙo, mai ya yi masa feshi, farar rigarsa ta samu rabonta.

Makanikin da aka kira ya zaro totuwar, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "Malam, ta nan moter ke numfashi. Gwangwanin tururin mai yake tarewa kada ya koma turbo, zubarwa kawai ake yi. Ka toshe masa hanci, ina kake so ya bi?"

Har yau, duk kaka, sai Alhaji ya aiko mini da buhun totuwa, wai ga kayan gyara.