Ranar da Inji Ya Auna Gorona

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da goro ya tona mini asiri ba. Shekara goma sha tara ina koyar da aikin ƙarfe a wata makarantar fasaha a Daura, kullum da ɗan ma'aunina a aljihu. Kwatsam aka kawo sabon injin awo: ka ɗora ƙarfe a kan gilashi, kyamara ta leƙo daga sama, tsawonsa ya fito a allo, ko kaurin gashi ba ya kuskurewa.

Wa aka tura koyon sarrafa shi? Sabi'u ɗan Sandamu, wanda ni na koya wa riƙe zarto! Har ana raɗe-raɗin shi za a ba shugabancin sashenmu, kujerar da na daɗe ina hari. Wallahi hassada ta ci ni (a fili kuwa "Allah ya sanya alheri" nake ta yi masa).

Ranar da manya suka zo daga Katsina duba injin, na yi wuf na sha gaban Sabi'u.

"Matsa, Sabi'u. Awo ba a allo aka fara shi ba."

"To Malam, bismilla."

Na ɗauko guntun ƙarfen da na riga na auna da hannuna, na ɗora, na hure gilashin fuuu, yadda muka saba hure garin ƙarfe. Na manta akwai goro a bakina.

Lambar da ta fito ta zarce tawa. Daɗi kamar ya kashe ni. Na ɗaga murya: "Kun gani ko? Injin nan ƙarya yake yi!"

Sabi'u ya ce a hankali, "Malam, bari a ƙara girman hoton."

Sai ga wani abu jajir manne a bakin ƙarfen, ya cika rabin allo kamar tubali. Babban baƙon ya gyara tabarau. "Wannan kuma wane irin ƙarfe ne?"

Shugaban makaranta ya dubi leɓena. "Goro ne, ranka ya daɗe."

Aka fashe da dariya. Sabi'u ya goge gilashin, lamba ta dawo daidai da tawa cif. "Ai awon Malam ba ya tashi," in ji shi, "shi ya koya mana." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kujera dai shi aka ba, ni kuma ɗalibai suka raɗa mini Malam Fuuu. Tun daga ranar, kafin in ƙaryata kowa, sai na fara kurkure bakina.