Dokta Zogale da Naman Sallah

Duk faɗin Sabo ta Ibadan, daga ƙofar masallaci har gangaren Mokola, babu gidan da bai amfana da ilimin Alhaji Gwadabe ba, ko yana so ko ba ya so. Allah Ya ba mu shi a daidai lokacin bukata, wato shekarun nan na tsadar rayuwa na SAP, sa'ad da nama ya koma gaida tukwanen talakawa daga nesa. Dillalin goro ne a sana'a, amma goro ya yi wa basirarsa kaɗan. Likita ne, kuma a yini guda ya haɗa karatunsa. Dubiya ya je babban asibiti, ya ji wata nas tana gaya wa wani tsoho mai hawan jini ya rage cin nama. Alhaji ya shiga asibitin nan da ledar lemo, ya fito da digiri. Tun daga ranar 'yan majalisarsa suka raɗa masa Dokta Zogale, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, don bai taɓa zaton akwai mai iya yi masa shaƙiyanci ba.

A gida ya fara aiki, kamar kowane mai kawo gyara. Ya kira matarsa Zulaihat, wadda ke sayar da alale a cikin gida, ya sanar da ita cewa an sallami nama daga tukunyarsa, kuma kuɗin cefane zai ragu daidai da haka, saboda lafiya. Zulaihat ba ta yi musu ba. Ta san mijinta kamar yunwar cikinta. Ta ce to, ta ɗora ruwan ɗan wake.

Daga nan ilimi ya fito waje. Kullum bayan la'asar Dokta zai harɗe a kan benci a ƙofar gidansa, ya gyara zaman tabaran da ya saya a bakin titi, ya buɗe asibiti.

"Ku mutanen Sabo da haƙoranku kuke haƙa kabarinku," in ji shi. "Turawa sun gama bincike, nama guba ne. Me ya kai ɗan wake sauƙi da dare? Garin wake da na rogo, 'yar kuka, ɗan ruwan kanwa, a jejjefa a tafasasshen ruwa, in ya taso a tsame, man gyaɗa da yaji, shi ke nan! Ko a kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli. Ko faten doya da manja da alayyafo, ga doya can a kasuwar Bodija kamar a roƙe ka ka ɗauka. Ni da kuke gani, na manta kamannin nama. Ku dubi jikina."

Muka duba. Lallai zogale ya karɓe shi. Wuya ya yi ninki, kumatu suna sheƙi, tumbi yana riga shi shiga masallaci.

Magidanta suka rungumi wannan ilimi da sauri, don ba su taɓa jin likitan da maganinsa ke rage cefane ba. Mace ta ce yau mako guda miya lami, sai miji ya ce Dokta ya hana. Cikin ɗan lokaci babu sunan da matan Sabo ke ambata a gindin murhu kamar na Alhaji Gwadabe, sai dai abin da suke haɗawa da sunan ba ya rubutuwa. Sammani mahauci kuwa, wanda cinikinsa ya ja baya, ya zama ɗalibi na gaba-gaba a majalisa. Ba ya fashi, ba ya tambaya, kallo kawai yake yi.

Kada a ce Dokta ba ya zurfafa bincike. Kowace rana bayan azahar yakan ce za shi duba huhunan goro a Mokola. A can akwai bukkar wata Bayarabiya, Iya Risikatu, mai amala da miyar ewedu, kuma a bayan labulen bukkar akwai wani ɗan benci. A nan Dokta yake sadaukar da ransa, yana gwada illar naman akuya da tumbi da ganda a jikinsa, don kada cutar ta kama wani. In ya gama ya kuskure baki, ya tauna goro, ya dawo ya ci gaba da ceton al'umma.

Abu ɗaya ne ya rage masa a lissafi, shi ne Babbar Sallah. Alhaji bai taɓa yin layya a Sabo ba. Kowace shekara ragonsa na kan hanya daga Arewa, kuma kowace shekara motar sai ta lalace a Jebba. Amma al'adar unguwa ba ta barin maƙwabci hannu sake. Washegarin Sallah kowane gida zai aika wa manya kasonsu, shi kuwa da yake babba ne, cinya da haƙarƙari ake kai masa. Zulaihat ta soye, ya zuba a babbar samira ya kulle a ɗakinsa, yana yi mata ɗauki ɗai-ɗai har cika-ciki. Wannan samira ita ce farin cikinsa na shekara. Abin da ya manta kawai shi ne, maza ke yanka, amma mata ke rabo.

Washegarin Sallah tun da hantsi ya sha babbar riga, ya zauna a benci, 'yan majalisa suka kewaye shi. Ya ma shirya jawabinsa: zai karɓa ne don kada ya kunyata maƙwabta. Kwano na farko ya iso daga gidan maƙwabcinsa Malam Ɗahiru, a rufe, da nauyinsa. Dokta ya ɗaga murfi yana haɗiyar yawu. Ɗan wake ne, har da yankakkiyar albasa a kai. Saƙon uwargida kuma shi ne, ba za ta ɗauki alhakin ran likitan unguwa ba. Na biyu kwaɗon zogale, daga gidan Sammani. Na uku faten doya, da manja da alayyafo, daidai yadda ya koyar. Haka kwanuka suka yi ta sauka, ga ƙamshin suya ya cika unguwa ta kowace kusurwa. Babu wanda ya ce Zulaihat ce ta kitsa abin ta bakin masu zuwa sayen alale, ni ma ban ce ba.

Dokta ya yi ta maza. Ya ce alhamdu lillahi, ilimi ya shiga, amma muryar ta yi sanyi, idanu kuma na bin kowane tire da ya gifta zuwa gidan wani. Gaskiya a nan har ya ɗan ba ni tausayi.

Ana cikin haka sai ga Iya Risikatu ta ɓullo da ƙaton tire a ka. Ita ma musulma ce, ta yi layyarta, kuma ba ta manta alheri. Ta sauke tiren a gabansa, ta yaye. Soyayyen naman rago ne, yana maiƙo, har da tumbi a gefe.

"Eku odun, Alaji! Barka da Sallah. Kwastoma na mai bayan labule! Na sa maka tumbi da yawa, na san ba ka wasa da shi."

Dokta ya ce baiwar Allah ta yi ɓatan hanya, shi bai san ta ba. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Alaji akwai ban dariya, shi da ko shekaranjiya sai da ya nemi ƙarin ganda. Mai dokar barci dai ya ɓige da gyangyaɗi.

Duk da haka hannun Dokta ya fara tafiya wajen tiren, wai zai duba ko naman ya soyu yadda kimiyya ta ce. Sammani mahauci, wanda ya daɗe yana jiran ranarsa, ya janye tiren a hankali.

"Haba Dokta. Ai ba ma zuba ido a kashe mana kai a ƙofar gidanka ba. Jama'a, bismillah, mu ceci ransa."

Suka cece shi kuwa, tas, har ƙashi suka tauna, yana zaune yana kallo a tsakiyar kwanukansa. Da aka gama, sai muryar Zulaihat ta fito daga bayan ƙofar zaure, cikin ladabi.

"Alhaji, wanne za a ɗumama maka da dare, ɗan waken gidan Malam Ɗahiru ko kwaɗon gidan Sammani?"

Ragonsa dai har yanzu yana Jebba.